Kurege Ya Kira Surukarsa daga Banki

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ajiye wayoyin nan!

Ta zo mu ji ta.

Kurege ne, tsinannen malalaci, damina ta zo ya ƙi noma ya sayi waya. Sai ya toshe hanci ya kira Kaza.

"Hajiya Kaza? Daga banki ne. Za a rufe asusunki yanzu. Karanto min lambar da aka turo miki."

Kaza ta rikice, ta karanto. Ya kwashe kuɗin tas. Ya toshe hanci ya kira Tunkiya, ita ma ta karanto, ya kwashe tas. Ku ji sakarci! Wane banki ne yake tambayar lambar sirri? Raina ɓaci yake in na zo nan.

Shi ke nan, kwaɗayi ya ƙi barinsa. Ya samo lambar wata da aka ce kuɗin adashin matan dawa duka na asusunta. Ya toshe hanci ya kira.

"Daga banki ne. Za a rufe asusunki yanzu."

"To, ɗan banki, faɗi sunana tukuna."

Kurege ya gane muryar. Bushiya ce, uwar matarsa! Ɓarawo ne, amma ina bakinsa zai iya kama sunan suruka? Bai san lokacin da ya durƙusa ba, ya saki hanci.

"Ina wuni, Inna?"

"Kurege! Kai ne? La'ananne! Kuɗin matan mutane za ka ci a hannuna, a ce ni na cinye?"

"Inna, gwada ki nake. Ɓarayi sun yi yawa, na ce bari in ga ko kin iya tsare amana. Kin ci!"

"Kaza da Tunkiya fa, da suka wuni suna kuka?"

"Su sun faɗi. Ajiye musu na yi."

"Mayar musu yanzu, ko 'yata ta dawo ɗakina. Sannan ka zo in rungume ka, in gode maka."

Kurege ya mayar da kuɗin yana zage-zage a ciki. Ya je, Bushiya ta rungume shi da kyau. Har yau in ya ji waya na ƙara sai ya sosa ƙirji.

Ƙurunƙus kan Kurege! Duk wanda zai yi sata ta waya, ya fara adana lambar surukarsa.