Farin Dutsen Mararraba

Akwai wani mutum da aka haifa a ƙasar duwatsu, can bakin hamada. Ya bar gida tun yana saurayi, ya zauna a birni, Allah ya buɗa masa, ya yi gida ya yi mota. Ɗa guda gare shi, sunansa Irmiya, wanda bai taɓa ganin ƙasar kakanninsa ba.

Wata rana mutumin ya ɗauki ɗan a mota, suka nufi arewa. Hanya ta bi ta tsakanin jajayen duwatsu masu tsayi, ga kwari a dama, ga yashi a hagu har iyakar gani. Uban sai nuni yake yi, baki har kunne. Ya ba ɗan labarin wani idon ruwa mai sanyi a cikin kwazazzabo, inda mota ba ta shiga, sai a ƙafa. Ya ce kwazazzabon ya rarrabu kamar yatsun hannu, amma mutanen dā sun tara duwatsu a kowace mararraba, sun ɗora dogon farin dutse a kai, bakinsa na nuna wajen ruwa.

Da suka isa bakin kwazazzabon, mota ta yi zafi. Irmiya ya ce, "Baba, ku yi gaba. In ta huce zan zuba mata ruwan jarkar nan, in biyo ku."

Uban ya ce, "To kai me za ka sha?"

Ya ce, "Ai kun ce akwai ruwa a gaba, akwai kuma alama."

Mutumin ya shiga shi kaɗai, yana tafe yana kallon ikon Allah. Da ya kai mararraba ta fari, sai ga farin dutsen nan, sumul, da jan zane a jikinsa. Ya ɗaga, ya juya shi, ya ce a ransa, "Kai, wannan zai yi kyau a falo." Ya jefa a jaka. Jama'a, kun ji fa! Mutum da furfurarsa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Shi dai ya san hanya tun yana kiwon awaki, har ya manta cewa akwai wanda bai sani ba. Haka ya yi a mararraba ta gaba, da ta gabanta.

Ya isa idon ruwa, ya sha, ya wanke fuska, ya zauna a inuwa yana jira. Rana ta take, ba Irmiya. Rana ta karkata, ba Irmiya. Da ya miƙe ya saɓa jaka, nauyinta ya ja kafaɗarsa, nan take ya tuna da fararen duwatsun da ya kwashe.

Ya koma da gudu. A mararraba ta fari ya ga sawun ɗansa a kan yashi. Sawun ya kewaya tarin duwatsun, ya sāke kewayawa, alamar yaron ya tsaya yana neman abin da aka ce masa zai gani. Daga nan ya bi hannun hagu, inda ya fi faɗi, inda babu ko ɗigon ruwa. Uban ya bi sawun har kan falalen dutse, nan sawun ya ɓace.

A al'adar mutanensu uba ba ya kama sunan ɗan fari, kuma mutumin nan bai taɓa kamawa ba. Ranar ya ajiye kunya, ya buɗe murya ya ce, "Irmiya! Irmiya!" Duwatsu suka mayar masa da muryarsa. Ya yi ta kira har muryarsa ta dushe.

Makiyaya suka taya shi nema kwana da kwanaki. Suka shiga kowane lungu, suka leƙa kowane rami, ba su samu kome ba. Ya mayar da fararen duwatsun inda ya ɗauke su, yana kuka kamar ƙaramin yaro, amma da-na-sani ƙeya ce. Ya koma birni shi kaɗai. Matarsa ta fito da murna da ta ji ƙarar mota, ta dubi kujerar gefe, ta ce, "Maigida, ina yaron?"

Ga ma'anar misalin nan, kuma da ku nake, iyaye. Kwazazzabon duniya ce, idon ruwan kuwa rai ne da ke wurin Ubangiji. Fararen duwatsun su ne abubuwan da iyayenmu suka bar mana a hanya: addu'ar safe a tsakar gida, karatun Maganar Allah bayan tuwo, zuwa sujada tare, neman gafarar maƙwabci a gaban yara. Da yawanmu mun kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Muna cewa, "Ai ni na san Ubangiji, bangaskiyata tana zuciya." To, ka sani. Ɗanka fa? Littafi Mai Tsarki yana kan kanta an shimfiɗa masa ƙyalle, ya zama kayan ado, yaro bai taɓa ganin ka buɗe shi ba.

Ina faɗin wannan da baƙin ciki, gama na zauna da iyaye da yawa suna hawaye, suna tambaya inda suka yi kuskure. Ba su kori 'ya'yansu ba, ba su koya musu mugunta ba. Sun yi gaba ne kawai, suka bar mararraba ba alama. Wanda nasa ɗan ke bayansa har yanzu, yă sauke jakarsa yau, tun yaron bai iso wurin ba.