Hawa Biyar da Baba Kwaya Ya Ɗaga

An yi wani mutum, shugaban mawaƙa a wata ikilisiya. Shekara goma sha takwas yana kan piyano, shi ke ba da sauti, shi ke jan baiti. Baba Kwaya ake ce masa, wato baban ƙungiyar mawaƙa.

Sai wata budurwa ta gama jami'a ta shiga ƙungiyar. Ni ce. Ranar da na fara jan waƙa, wata tsohuwa ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "'Yata, ina kika ɓoye wannan murya?" Baba Kwaya yana gefe yana naɗe wayar makirufo. Ya ji.

Ya ku 'yan'uwa, wa bai taɓa jin ƙirjinsa ya yi nauyi don an yabi wani ba? Da ya durƙusa ya ce, "Ubangiji, ina kishin yarinyar nan," da ya sami sauƙi. Amma ya yi murmushi, ya haɗiye.

Piyanon na da wani maɓalli da ke ɗaga sautin waƙa hawa-hawa. A wurin koyo ba ya taɓa shi. Ran Lahadi kuwa, in ni zan ja, sai ya danna a ɓoye. Sau uku muryata na tsagewa a gaban jama'a. Bayan sujada ya ce, "'Yar boko, a jami'ar taku ba a koyar da numfashi ne?"

Na gane abin da yake yi, amma ba ni da shaida. Mamana ta ce in fita in huta. Na ce ba mai kora ta daga gidan Ubana. Kullum da safe nakan faɗa wa Yesu gaskiya: "Na tsani mutumin nan, ka cire mini." Sannan in tashi in koyi waƙar sama da inda aka koya mana. Wata bakwai ina haka.

Ranar naɗa sabon fasto, coci ya cika da baƙi, ni kuma zan ja waƙa. Baba Kwaya ya danna har sau biyar. Mawaƙa suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Baiti na biyu nasa ne. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ni kaɗai na kai waƙar har ƙarshe.

Makaɗin baƙi na tsaye a bayansa yana jiran ya karɓi kiɗan. Ya leƙa piyanon ya ce, "Haba Baba, hawa biyar? Kashe su za ka yi?" Ashe makirufo a kunne yake.

Dattawa suka ce ya nemi gafarar ƙungiya, ya zauna wata uku. Ya ce shi ba zai rusuna wa sa'ar 'yar cikinsa ba. Ya fita, bai dawo ba. Yau matarsa ita kaɗai ke zuwa sujada, yatsunsa sun manta piyano. Sau biyu na je gaishe shi, aka ce ba ya nan, ga takalmansa a ƙofa.

Me na ƙwace masa? Kujerarsa tana nan, muryarsa tana nan, har ranar da ya ɓata komai da hannunsa. Ni ma wuta ce a cikina, 'yan'uwa, na dai kai tawa gaban Ubangiji da sunanta. Wanda ya ɓoye tasa, shi za ta fara ci.

Allah ya kiyaye mu daga zuciyar da ke ciwo don an albarkaci wani, cikin sunan Yesu. Amin.