Wani na Tafe

Ya 'yan uwa, a Warra an yi wani mutum, matuƙin jirgin ruwa ne mai ɗaukar fasinja zuwa kasuwar Yelwa. In wani ya makara jirgi ya tashi, sai ya ɗaga masa hannu yana dariya: "Kada ka damu, wani na tafe!"

Ya nemi wata yarinya mai bandar kifi, Asama'u, amma bai jira ɗaurin aure ba. Da ta zo masa da ciki, ya kai ta wurin wani mai kemis aka zubar. Ta yi kuka, ya ce mata, "Wani na tafe."

Aka yi na biyu. A na uku ƙarfe aka sa mata a bayan shago, ta yi mako biyu tana zazzaɓi da zubar jini. Ya ce wa mutane ciwon shawara ne.

Daga baya ya aure ta, a ganinsa ya rufe magana. Wa ya gaya masa?

Shekara shida shiru. Kullum da asuba yana satar kallonta, in ya ga ba ta ɗauki buta ba sai ya san wannan watan ma ya wuce. Innarsa ta riƙa tambaya, "Wai har yanzu ba labari?" Tsoro ya hana shi sakat, don shi ya san abin da ya binne.

Da suka je asibiti, likita ta duba ta, ta tambaya, "An taɓa zubar da ciki?"

Ya buɗe baki zai musa. Asama'u ta riga shi: "Uku."

Likita ta ce ciwon da ya biyo baya ya toshe hanyar haihuwa, ya bar tabo a mahaifa, samun ciki zai yi wuya ƙwarai.

A bakin ruwa Asama'u ta ƙi shiga jirginsa. Ta ce, "Kai ka ce wani na tafe. Ina yake?" Ta koma gidansu, ba ta sake dawowa ba.

Ya 'yan uwa, ɗa ba jirgin kasuwa ba ne, da za a ce in wannan ya wuce a jira na baya. Wa ya yi maka alkawarin na baya? Zina ta buɗe ƙofar, zubar da ciki ya rufe ta.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriya. Amin.