Wanda Ya Kwance Igiyarsa a Cikin Rijiya

Akwai wani mutum a wani ƙauye wanda sana'arsa haƙar rijiya ce. In rijiya ta cushe shi ake kira, in akuya ta faɗa ciki shi ake kira, in ma mutum ne ya faɗa, ƙofar gidansa ake fara bugawa. Yana da ɗa guda ɗaya, saurayi ƙaƙƙarfa, wanda kullum yake roƙon uban ya koya masa aikin. Uban kuwa ya ƙi. Tun yana saurayi ya ga ƙanensa ya sauka wata rijiya da ƙafarsa, aka fito da shi a sanƙame, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Saboda haka ya kafa doka cewa yaro ba ya zuwa bakin rijiya in ana aiki. In samarin gari suka matso kallo, sai ya kore su da tsawa. Masu riƙe masa igiya tsofaffin abokansa ne, waɗanda suka fara aikin tare tun gashinsu yana baƙi.

Aikin kuwa yana da ƙa'idodinsa. Kafin a sauka tsohuwar rijiya sai an zura fitila, gama akwai iska a ƙasa wadda ba ta da wari amma tana kashewa, kuma in wutar ta ƙanƙance, mai sauka ba ya daɗewa. Da igiya biyu ake sauka, ɗaya a ƙugun mai sauka, ɗaya domin wanda za a ɗauko. Babbar ƙa'ida kuwa ita ce, kome ya faru a ƙasa, mutum ba ya kwance tasa igiyar. Duk wannan yana cikin kan mutumin, ɗansa bai taɓa jin ko ɗaya ba.

Wata ranar kasuwa, ɗan wata gwauruwa ya kwance tunkiyar da ba tasa ba. Aka gan shi, aka yi ihu, aka bi shi da sanduna. Ya saki tunkiyar ya faɗa gonar dawa da gudu, bai san akwai wata rijiyar kufai a ciki ba, wadda ciyawa ta rufe bakinta. Masu binsa sai ƙara suka ji. Da suka leƙa, duhu kawai suka gani, da nishi yana tasowa daga ƙasa. Rijiyar ta ƙafe sai laka, ƙafarsa kuma ta karye.

Waɗansu suka ce a bar shi, ai ƙafarsa ce ta kai shi. Amma wani ya ruga ya kira mai haƙar rijiya. Mutumin ya zo da tsofaffinsa, ya kunna fitila ya zura. Kowa ya zuba ido. Wutar ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma kamar ƙwayar wake, amma ba ta mutu ba.

Ya ce, "Da sauran lokaci, amma ba yawa."

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya ta biyun a kafaɗa, ya sauka. Da ya isa ƙasa ya miƙa hannu zai ɗaure yaron, sai yaron ya ture shi, ya manne da bango.

"Baba, ina jin muryoyinsu a sama. Kai ma kana wurin ranar da aka ce a kore ni daga gari. Gara in mutu a nan da in mutu a hannunsu."

Mutumin ya lallashe shi, ya rantse masa, ya yi masa tsawa, duk a banza. Ƙirjinsa ya fara nauyi, idonsa ya fara ganin duhu. Dole ya jijjiga igiya. Tsofaffin suka ja shi da kyar, ya fito ya zube a ciyawa yana haki, igiya ta biyun ta zame daga kafaɗarsa, ba wanda ya lura.

Sai ɗansa ya ratso taron ya tsaya a gabansa.

"Baba, bari in sauka. Tare muka yi kiwo da shi. Zai ji maganata."

"Ba za ka sauka ba!"

Gwauruwar tana durƙushe a bakin rijiya tun ɗazu. Ta juyo ta dube shi, ta ce, "Baba, naka yana tsaye a gabanka kana jin tsoro. Nawa yana ƙasa."

Sai kowa ya ji cewa nishin da ke tasowa ya ragu. Mutumin ya tashi, ya ɗaura wa ɗansa igiya. Yana ɗaurawa yana zuba masa magana, yana so ya ɗura masa aikin shekara da shekaru a cikin numfashi kaɗan. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Saurayin kunnensa yana ƙasa wurin abokinsa, uban bai gama magana ba ya riga ya zura ƙafa. Bai ɗauki igiya ta biyu ba, gama bai san ana sauka da ita ba.

Da ya taka laka ya ce, "Kai, ni ne. Tashi mu tafi, babarka tana bakin rijiya. Wanda zai taɓa ka sai ya fara da ni."

Ɗan gwauruwa ya gane muryar, ya fashe da kuka, ya yarda. Saurayin ya duba abin da zai ɗaure shi da shi, bai ga kome ba. Sai ya yi abin da zuciya mai ƙauna take yi in ba a koya mata ba. Ya kwance igiyar ƙugunsa, ya ɗaura wa abokinsa, ya jijjiga.

A sama aka yi ta ja. Uban ya sunkuya yana jiran kan ɗansa, sai ga kan ɗan gwauruwa, shi kaɗai.

"Ina ɗana?"

"Ya ce in fara fita."

A lokacin ne idon mutumin ya faɗa kan igiya ta biyu a cikin ciyawa. Aka zura igiya da sauri, ba wanda ya kama. Ya kira sunan ɗansa, ya sake kira, rijiyar ce kawai ta mayar masa da muryarsa. Ya fizgi igiya ya ɗaura a ƙugu, sai babban abokinsa ya buɗe masa tafin hannunsa, duk ya saluɓe yana jini.

"Ƙarfinmu ya ƙare. In muka saukar da kai, ba za mu iya fito da ku ba."

Mutumin ya waiwaya. Ga samarin gari tsaye nesa kaɗan, inda ya saba korarsu su tsaya, sandunansu har yanzu a hannu. Ya ce, "'Ya'yana, ku ajiye sandunan nan ku kama mini."

Suka zubar da sanduna suka kama. Ɗan gwauruwa ma, da karyayyar ƙafarsa, ya ja jiki ya naɗe ƙarshen igiyar a hannu ya riƙe. Uban ya sauka, ya lalubo ɗansa kwance a laka, ya ɗaure shi da igiya ta biyu. Samarin suka fito da ɗan, suka fito da uban. Aka shimfiɗa saurayin a inuwa, aka yayyafa masa ruwa, ana yi masa fifita da riga, bai motsa ba. Uban ya zauna a ƙasa ya riƙe kansa. Can an fara fid da rai, sai saurayin ya yi tari, ya buɗe ido, ya ce, "Ya fita?"

Kashegari mutumin ya tara samarin gari a gindin wata bishiya, inda babu rijiya ko kusa, ya ba kowa igiya biyu. Abin da ya fara koya musu shi ne wadda ba a kwancewa.

Ma'anar wannan misali ita ce, rijiyar nan gidan yari ne, mai haƙar rijiya da tsofaffinsa kuwa mu ne, dattawan ikilisiya. Kun san gardamar da ta hana mu sakat tun da 'yarmu Tabita ta tashi a madadin ƙungiyar matasa, ta roƙa a riƙa tafiya da su ziyarar 'yan kurkuku. Dattijo Nehemiya ya ce ba da yawunsa ba. Kada kowa ya raina maganarsa, gama tsoronsa tsoron uba ne, kuma iskar wurin nan da gaske tana kashewa. Akwai mai daɗin baki da zai roƙi yaro ya kai masa saƙo a ɓoye. Akwai wanda zai nemi lambar wayar yarinya da sunan addu'a. Akwai kuma abin da ido zai gani a can ya bi mutum har gida. Wanda ya ce babu haɗari bai taɓa shiga ba.

Amma ku dubi masu tafiyar yanzu. Ni da 'yan'uwana, in muka gama hawa mota, gwiwoyinmu sun riga sun yi rabin wa'azin da ƙara. Mu isa can mu tarar yawancin 'yan kurkukun sa'o'in jikokinmu ne. Suna gaishe mu da ladabi, suna karɓar sabulu da garin da muka kawo, zuciyarsu kuwa tana manne da bango. In sun dube mu, muryoyin masu sanduna suke tunawa. Abin yana ƙona mini rai, amma gaskiya ce.

Ku lura kuma, hanin da mutumin nan ya yi bai hana ɗansa sauka ba, hana shi sani kawai ya yi. 'Ya'yanmu suna da abokai a can ciki, da izininmu ko babu. Ranar da ƙauna ta ja su, za su tafi su kaɗai, su kwance igiyarsu da kyakkyawar niyya, mu kuma mu zo muna kiran suna a bakin rijiya. Don haka amsata ita ce a tafi da su, amma a koya musu tun a gindin bishiya. Ba ƙananan yara nake nufi ba, waɗanda suka mallaki hankalinsu nake nufi, da yardar iyayensu. Dattijo ya fara zura fitila, ya san wurin da dokokin masu tsaronsa. Igiyar da za ku miƙa, ku matasa, ita ce bishara da abuta. Ta ƙugunku kuwa ita ce ikilisiya. Ba mai tafiya shi kaɗai, ba mai ɗaukar saƙon ɓoye, ba mai yin alkawarin da dattawa ba su ji ba, kome zafin tausayi. Ubangijinmu ya lissafta kansa cikin waɗanda ke kulle, amma bai ce mu yar da 'ya'yanmu a can ba. Baba Nehemiya, ba mu ce ka sauka ba. Igiyar muke roƙo ka riƙe, gama mai tsoro irinka ba ya sakinta.

Kun san Kefas, wanda yake buga mana ganga a kujerar can ta baya, kun kuma san inda yake yanzu yana jiran shari'a. Da muka je wurinsa na yi masa wa'azi mai kyau, ni kaina na ji daɗinsa. Kansa yana sunkuye har na gama. Kome na tambaya sai ya ce, "Lafiya lau, Baba." Sai da mai tsaro ya ce lokaci ya yi, muka miƙe, ya ɗago ido ya ce, "Baba, ina Zakka?" Abokinsa yake nema, wanda suka taso tare, ga Zakkan can zaune a cikinmu yana jina yanzu. Na ce masa Zakka yana gaishe ka. Ya gyaɗa kai, ya juya, aka rufe ƙofa.

Ranar Asabar za mu koma. Ba na so in sake kai masa gaisuwar Zakka a bakina.