Zakaran Tsalha da Agogo

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani manomi, sunansa Tsalha. Ya je kasuwa ya sayo agogo mai ƙararrawa, ya ce da matarsa, "Tabawa, ga mai tashinmu. Ba ya cin tsaba, ba ya kashi a tabarma."

Ta ce, "To, zakara fa?"

Ya ce, "Ran Juma'a a fige shi."

Ashe zakara yana bayan rumbu, ya ji. Da suka fita, sai ya zo gaban agogo ya ce, "Sannu, baƙo. Wa ke gaya maka gari ya waye?"

Agogo ya ce, "Tsalha ne ya saita ni."

"Shi kuma wa ke gaya masa?"

"Ni."

Zakara ya ce, "Madalla." Ya zagaya, ya sa baki ya murɗa ɗan kunnen saitin da ke bayan agogon.

Washegari rana ta fito, zakara ya yi gum. Tabawa ta ce, "Maigida, gari ya waye."

Tsalha ya ja mayafi ya ce, "Agogo bai ce ba."

Rana ta take tsaka. Tabawa ta ce, "Maigida, har inuwa ta shige ƙarƙashin jaki."

Ya ce, "Agogo bai ce ba. Ranar ce ta yi gaggawa."

Sai la'asar ƙararrawa ta kaɗa. Tsalha ya saɓi fartanya, yana yi wa masu dawowa daga gona ina kwana. Da magariba ya dawo, cikinsa na kuka, ya ce, "Tabawa, ina tuwo?"

Ta ce, "Tuwo da hantsi? Agogo bai ce ba."

Tsalha ya dubi agogo. Can ya ce, "A sake saita shi."

Ta ce, "Da me?"

Suka juya suka dubi zakara. Zakara ya ce, "Wanda za a fige ba ya cara. Maƙogwaro rawa yake."

Tsalha ya rantse ba mai taɓa ko gashinsa, ya ƙara masa da tsabar gero.

Tun daga ranar, zakara ya yi cara da asuba, Tsalha ya tashi ya saita agogo, ya koma ya kwanta, yana jiran agogo ya tashe shi.

Kuna dariya. Ni kuwa na tsufa ina ganin irin Tsalha suna ƙaruwa. Kafin ku kira abu bawanku, ku duba tukuna wa ke tashi da asuba don wa.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako. Wanda ya yi gyangyaɗi, shi ya so.