Wurin Zaman Murjanin Suruki

An yi yaƙi a unguwarmu bara, har da asarar rayuka. Filin dagar bai fi teburin shayi tsawo ba, yana falon Tsoho Liao, cike da ruwan gishiri.

Tsoho Liao ya ƙare ƙuruciyarsa yana shirya walimar biki a nan Tainan ta ƙasar Taiwan, irin wadda ake kafa rumfa a titi a tare hanya. Ba girki yake yi ba. Aikinsa sanin wa zai zauna ina: kawun amarya a babban tebur, mai unguwa kusa da shi, dangin da ba a tuna wanda ya gayyace su ba kuma can bakin kicin. Ya ƙware, ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne, ya ɗauka duk wani mai rai a duniya wannan tsari yake bi. Da ya ajiye aiki ya sayi tankin gilashi ya soma kiwon murjani mai rai, wato halittar teku mai kama da dutse, sai ya ci gaba da sana'arsa a cikin ruwa.

A tsakiyar tankin akwai wani kore mai ƙyalli, dunƙulalle kamar kabeji, wanda ya raɗa wa suna Maigida. Da rana Maigida salihi ne. Fitilar tanki na mutuwa sai ya miƙo wasu dogayen zarurruka masu dafi, ya tsula wa duk maƙwabcin da ya cim ma. Masu kiwon murjani sun san wannan hali. Liao ma ya sha ji, amma mutum ne mai kwanciya da wuri, kuma bai cika yarda da abin da aka faɗa a kan nasa ba.

Da aka yi baikon 'yarsa Pei-shan, uban ango, Yen mai shagon ganyen shayi, ya aiko ɗan da kyauta. Yen ma makiyayin murjani ne. Abin da ya aiko wani mai rassa ne, launin hoda, wanda ya shekara da shekaru yana lallaɓawa. Ya ce ƙarshen wata zai zo a sa ranar biki. Kowa ya san abin da zai fara dubawa in ya shigo.

"Baba," in ji angon, "mahaifina ya ce a ajiye shi can gefe, nesa da wancan koren. Wai yana harbi."

"Gefe? Kusa da famfon tanki?" Liao ya sauke tabarau. "Yaro, ai nan ne bakin kicin. Kyautar suruki a bakin kicin? So kake a ce gidan Liao ba su san girman mutane ba?"

Matarsa Su-lan tana fere gwaba, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai tsoho, abu kamar dutse? Ai ba ya jin an raina shi."

"Shi ba ya ji, mai shi yana ji. Babban baƙo kusa da mai gida yake zama. Ni za a koya wa?"

Ya zaunar da baƙon a hannun daman Maigida, kafaɗa da kafaɗa, ya kira maƙwabta kallo. Na je na gani. Sun yi kyau tare, yadda kura da akuya kan yi kyau a hoto.

Ba a daɗe ba ɓangaren baƙon da ke fuskantar Maigida ya yi fari fat, naman ya zube, saura ƙashi.

"Baƙonka ya yi furfura ta gefe ɗaya," in ji Su-lan.

"Gajiyar hanya ce."

"Wace hanya? Daga bayan kasuwa aka kawo shi a babur."

A nan gyara bai fi aikin hannu ɗaya ba: a ɗaga, a kai gefe. Amma kai shi gefe daidai yake da cewa Su-lan ta yi gaskiya, a gabanta kuwa. Sai Liao ya juya farin ɓangaren ya kalli bango, inda ido ba ya kaiwa. Wannan dabara ta kawo wa Maigida sabon ɓangare mai lafiya har bakinsa. Da shi ma ya yi fari, Liao ya sake juyawa. Haka ya yi ta yi kamar mai gasa masara, Maigida kuwa bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.

"Baba, ka rufa mini asiri," in ji Pei-shan ana jibi zuwan Yen. "Ka kira shi ka faɗa masa tun yanzu."

"Zai farfaɗo," in ji Liao, da muryar wanda shi kansa bai yarda ba.

Da ranar ta yi, Yen ya zo cikin kwat, da kwalin kek ɗin abarba a hannu. Ya gaisa, ya ajiye kwalin, ya nufi tanki. Abin da ya rage na kyautarsa ɗan tukku ne a can ƙololuwa, inda zaren Maigida bai kai ba. Ya daɗe yana kallo. Pei-shan ta gano cewa akwai abin da ta manta a kicin.

"Suruki, wa ya zaunar da shi nan?"

Liao ya dubi famfo, ya dubi fitila, ya ga ba wanda zai ɗauki laifin a cikinsu.

"Ni ne. Wurin girma na ba shi."

"Wurin girma," Yen ya maimaita a hankali. Kafaɗarsa ta soma rawa, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa tanki. "Ashe da ka raina ni, da yana nan da ransa!"

Ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu don ya ceci tukkun. Garin ɗagowa bayan hannunsa ya gogi Maigida, wanda ko da rana in an taɓa shi ba ya bambanta kyauta da mai kyauta.

"Wayyo! Suruki, har da ni? Wannan tarba taka ta yi yawa!"

Su-lan ta kawo ruwan khal a kwano don kashe dafin. Da hannun Yen a ciki aka sa ranar biki, ana cin kek ana dariya, tukkun yana can kusa da famfo yana shan iska.

"Sharaɗina ɗaya," in ji Yen. "Wa zai tsara zaman baƙi?"

Liao ya gyara murya.

"Matarka," Yen ya riga shi. "Ina da ƙanne mata biyu masu harbi, ba na so a girmama kowa kusa da su."

Darasin ba mai nisa ba ne. Kafin ka haɗa biyu wuri ɗaya, tambayi halinsu, ba matsayinsu ba, don girmamawar da ba ta san hali ba takan fi raini ɓarna. In mai abu ya aiko maka da shawara tare da abinsa, ka karɓi duka biyun. In kuma ka yi kuskure, ɗaga shi za ka yi, juya shi ya kalli bango ba gyara ba ne. Ranar bikin an ci an sha lafiya, Tsoho Liao ya zauna inda aka nuna masa.