Laifin Ba na Kwayil Ba Ne

Akwai wani bakanike da ake yi wa laƙabi da Nan-Take. Hannunsa na da kyau, wannan babu mai ja, amma Allah bai ba shi haƙuri ba. Ko inji a tarwatse ka kawo masa, kafin ka rufe baki ya ce maka nan take. Sunan ya shiga kansa, har ya fi son ya miƙa maka mota da ciwonta a kan a ce ta kwana a hannunsa.

Rumfa ɗaya suka gada shi da yayansa, suka raba ta da katangar langa-langa. Yaya ɗinkin kujerun mota yake yi. Ɓangarensa cike yake da soso da leda, kullum guntattakinsu na silalowa ta ƙarƙashin katangar. Da keken ɗinkin nan da hannuwansa biyu yake riƙe da iyalinsa, har da tsohuwarsu.

Wata rana da hantsi wani likitan haƙori ya kawo tsohuwar motarsa, 'yar ƙasa-ƙasa mai kujera biyu, irin ta tsere. Ta ci hanya har ta gode Allah. Tana tsaye tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, fitilar inji na ta ƙiftawa. Likita ya ce ba sauri yake ba, ko mako za ta yi babu komai. Nan-Take ya ji kamar an zage shi. Ya ce a dawo da yamma.

Ya jona na'urar gwaji, ta nuna silinda ɗaya ce ba ta ƙona mai. Zarginsa ya tafi kan kwayil, abin da ke tura wuta zuwa fulogi, don a tsohuwar mota shi ke fara gajiya. Gwajin kuwa sananne ne: ka cire kwayil ɗin da kake zargi ka musanya da na maƙwabciyar silinda. In ciwon ya bi shi, ka kama ɓarawo. In bai bi shi ba, nemi laifin a wani wuri.

Ya musanya, ya tayar. Ciwon yana nan inda yake, ko gezau. Ya kwance fulogin, ya same shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da fetur. Nan ya gane. Nozul ne, bakin da ke fesa mai, ya maƙale a buɗe yana ta kwarara. Kafin a kai gare shi sai an sauke saman injin duka, sannan a aika a nemo wani. Wato dole mota ta kwana.

Ya daɗe tsaye da fulogin a hannu. Daga nan ya goge shi a wandonsa ya mayar, ya ɗauko sababbin kwayil ya jera mata duka, ya share fitilar da na'ura. Karkarwar ta ɗan lafa. Ya ce wa ransa sauran kuma gudu ne zai wanke shi.

Yaya ya leƙo ta gefen katanga yana toshe hanci. "Ƙanena, motar nan ɗanyen mai take fitarwa. Tun ɗazu idona ke yaji."

"Yaya ke nan," in ji Nan-Take yana dariya. "Riƙe allurarka, ka bar mana wuta."

Ya fita da ita babban titi ya taka mata totur. Ai kuwa ta yi gudu, tsohuwar zuma ce. Amma man da silinda ba ta ƙona ba sai ya riƙa gangarawa cikin tukunyar salansa, a can yake ci. Wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika motar. Zafi ya fara ratso tafin takalminsa. Duk ya ji, ya sauke gilashi kawai.

Da ya dawo ya matsa ta jikin katanga, daidai kan guntattakin soson, ya kashe. Ko sunkuyawa bai yi ba. Da ya sunkuya, da ya ga tukunyar ta yi ja kamar garwashi. Ya tsallaka titi wajen famfo ya wanke hannu, ya kira likita ya shaida masa aiki ya kammala. Yana cikin wayar ya ga mutane sun daina tafiya suna kallon bayansa.

Soso ba ya jiran kowa. Kafin ya tsallako, wutar ta bi ta ƙarƙashin katanga ta kama ɓangaren Yaya har rufi. Yaya ya fito lafiya, sai ya tuna da kekensa ya koma. Narkakken soso ya zubo masa a hannuwa biyu ya manne. Da ƙyar maƙwabta suka janyo shi. Motar likita kuwa ƙarfe kawai aka samu.

A asibiti aka ce rai ya tsira, amma yatsun ba za su sake riƙe almakashi ba. Mutane suka ɗora laifin a kan wayar lantarki, Nan-Take bai musa ba. Shi ke jinya, shi ke ba Yaya abinci a baki, ya rame kamar shi ne majinyacin. Tsohuwarsu tana ta sa masa albarka, kowace albarka tana ƙona shi.

Wata rana suna su biyu, ya ɗebo abinci a cokali, Yaya ya dube shi.

"Gaya mini gaskiya. Da ka fita da motar nan, ka san ba ta warke ba?"

Nan-Take ya sunkuyar da kai. "Na sani, Yaya."

Hawaye ya gangaro wa Yaya, ya buɗe baki ya karɓi cokalin, don ba shi da hannun da zai ture shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, in bincike ya nuna maka gaskiya, bi ta ko da za ta ɓata maka lokaci. Kada ka gyara abin da ya fi maka sauƙi ka bar abin da ya lalace, kuma kada suna ya fi maka amana. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma mai gaggawa sau da yawa na kusa da shi yake ja wa. Faɗin "a dawo gobe" bai taɓa rage darajar mai sana'a ba.